Haladu Ƙyas da Hoton Makkan Iyarsa

Duk wanda ya yi wayo a Wudil a shekarun da kuɗin mai suka haukata ƙasar nan ya san Haladu Ƙyas, ko yana so ko ba ya so. Shagonsa na bakin titi, tsakanin tasha da hanyar kara, wato kasuwar shanu. A saman ƙofa an rubuta MAI HOTO da jan fenti, a gefe kuma an zana kyamara wadda ta fi kama da murhu. Sunan Ƙyas daga bakinsa ya samo shi. In ya danna kyamara ƙarar da take yi ba ta isarsa, sai ya ƙara da tasa, ya ce "ƙyas," don wanda ya biya ya san an yi masa aiki.

Gajere ne mai tumbi, tabarau kullum a goshi, ba a taɓa ganin ya sauko da shi kan ido ba. Ga cika baki. A Sabon Gari ya koyi sana'ar, wajen wani Bayarabe da ya fara ɗaukarsa aikin shara da ɗebo ruwa, amma in ka ji Haladu yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa Bayaraben. Ya dawo Wudil da kyamara mai ido biyu, irin wadda ake leƙawa ta sama, da labule da aka zana wa jirgin sama da gidan bene, da wayar tarho da ba ta haɗe da komai. Manomin da bai taɓa wuce Gaya ba zai zauna gaban jirgin nan, ya kara tarho a kunne, ya ɗaure fuska kamar yana ba da odar siminti. Haladu ya gyara masa hula, ya ce "ƙyas," mutum ya tafi gida da shaidar cewa shi ma ya ci zamani.

Sai kuma harkar Makka ta buɗe. Wanda ya sayar da shanu, da wanda ya samu kwangilar kwalbati, da wanda aka biya shi ariyas, kowa sai Makka. Kowane maniyyaci kuwa sai da hoton fasfo. Daga Dagumawa, daga Kausani, daga ƙauyukan hayin kogi ake cika a-kori-kura a sauke a ƙofar Haladu. Nan bakinsa ya ƙara buɗewa. Ya ce babu fuskar da ta taɓa gagararsa a ƙasar Wudil, ta mutum ko ta bijimi.

Ƙarya yake yi. Akwai guda ɗaya, kuma ita ce ta haife shi.

Hansai sunanta, a Utai take zaune, Haladu ne ɗanta na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye Haladu kakarsa ta ɗauko shi zuwa Wudil, a hannunta ya tashi. Yawancin mata in ɗan ya girma ya yi iyali sukan ɗan sassauta, a gaisa, a yi 'yar hira ana kallon gefe. Hansai kam ta riƙe abin kamar da shi za a shiga Aljanna. In ya je gaishe ta, da ta ji sallamarsa sai ta faɗa ɗaki, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gai da labule, labule ya amsa. In ta kama dole a yi zancensa sai ta ce "mutumin Wudil." Ƙannensa ta zage su, ta dungure su, ta yi musu kitso da aski, ta san kowane tabo a jikinsu. Shi kuwa ya haura arba'in bai san kalar ƙwayar idonta ba. Abin yana ci masa rai, amma ba abin da namiji zai kai ƙara ba ne, don haka ya mai da shi abin dariya. Yakan ce shi kaɗai ne a Wudil aka haifa ta bayan labule.

Shekarar da aljihunsa ya yi nauyi ya biya mata kujerar Makka. Saƙon bai kai da bakinsa ba, don babu hanyar kaiwa. Ƙanwarta ya aika, Inna Indo, wadda ke aure a Wudil, mace mai baki kamar reza, ita ce masinjansu tun yana yaro. Indo ta dawo ta ce, "Ta ce a ce wa mutumin Wudil Allah ya yi albarka. Ta yi kuka kuma, amma ta ce kada in faɗa maka."

Saura hoto. Aka kawo Hansai shago cikin lulluɓi, ta zauna a kujera, Haladu ya sauke labulen jirgi ya rataya fari. Ya leƙa kyamara, abin da ya gani tsakar ka ne.

"Inna Indo, ki ce wa Iya ta ɗago kai."

"Yaya, wai ki ɗago."

Hansai ta ɗago kamar faɗin yatsa, ta juyar da fuska wajen bango. Kallon kyamara kallon wanda ke bayanta ne, kuma ita ba ta ga dalilin da zai sa ta zubar da mutuncin shekara da shekaru saboda wani ɗan akwati ba. Haladu ya yi lallashi ta bakin Indo. Ya kawo misali da matar liman, wadda ta zauna a kujerar nan ta kalle shi tar. Hansai ta ce wa Indo matar liman ba ita ta haife shi ba. Ya ɗauka a haka, ko Allah zai sa a dace. Malamin da ke karɓar takardun maniyyata ya duba hoton, ya juya shi, ya ce shi dai ya ga mayafi da kunne guda, in da hali a kawo masa hajiyar da ke ciki.

Suka sake dabara. Haladu ya saita komai, ya nuna wa Indo inda za ta danna, ya fita waje ya tsaya a rana. Yana fita Hansai ta ɗago kai, har da gyara ɗaurin kallabi. Indo ta rungumi kyamara kamar za ta yi mata wanka, ta danna da ƙarfin da take kirɓa sakwara. Da aka wanke, hoto na farko rufin kwano ne. Na biyu ya kamo Hansai daga haɓa zuwa gwiwa. Na uku ya fito da fuska, amma fuskar ta narke, kai ka ce a cikin randa aka hango ta. Haladu ya gwada tsayawa bayan ƙofa da doguwar igiyar dannawa, mai ƙwallon roba a baki, Indo ta riƙa yi masa tari in lokaci ya yi. Kafin tarin ya iso, Hansai ta gane, ta sunkuya.

Lokacin rufe karɓar takardu ya matso. Indo ta gaji, ta ce, "Kai Haladu, raba mu da wahala. Ga Ɗantani can tsallaken titi, ba ɗanta ba ne, za ta kalle shi. A ɗauka a wuce wurin."

Ɗantani shi ne ɗaya mai hoton, sabon zuwa, wanda Haladu ke cewa ko jaki ya ɗauka sai jakin ya fito da ƙafa uku. A ce hoton Makkan uwar Haladu Ƙyas a shagon Ɗantani aka yi shi? Da ya bar garin. Amma ba wannan ne ya hana shi cin tuwo ba. Ya ɗauki fuskar kowa a ƙasar nan, ta kirki da ta banza, yana so ya ɗauki wannan da hannunsa, ya gan ta sau ɗaya tana kallon inda yake. Ya ce wa Indo a ba shi zuwa Juma'a, in ya kasa shi da kansa zai riƙe musu jaka zuwa tsallaken titi.

Maganin a falon Alhaji Babba ya same shi. Alhaji Babba ɗan kwangila ne, irin waɗanda in suka je Jidda ba sa tambayar amfanin abu, nauyinsa suke dubawa. Haladu ya je ɗaukar hoton sabuwar motarsa, aka shigar da shi falo shan lemo. Nan ya ga talabijin mai kala an lulluɓe ta da leshi an jera mata fulas a ka, ga akwatin bidiyo a ƙasa, ga kuma wata kyamara mai girman ɗan akuya, da doguwar waya, tana kwance a kwali ko ledarta ba a cire ba.

"Alhaji, wannan fa?"

"Wai ta sinima ce. Balaraben da ya sayar mini ya ce in ka haɗa ta da akwatin, duk abin da ta kalla sai ya fito a talabijin nan take. Na sa yaran nan sun gwada, ba abin da ya fito sai yayyafi."

Haladu ya ajiye lemon. Ya ce a ba shi aron kayan gaba ɗaya, har da janareta, shi kuma zai gano kansu ya koya wa Alhaji. Alhaji ya yarda, da sharaɗin a fara nuna shi.

Kwanakin da suka biyo baya Haladu bai ɗauki hoton kowa ba. Shagon ɗaki biyu ne: na gaba inda ake zama, da ƙuryar da yake wanke hoto, mai ƙofa ta baya, labule ne tsakaninsu. Ya kai talabijin ƙurya. Ya kafa kyamarar Alhaji kafaɗa da kafaɗa da tasa, duka suna kallon kujera. Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Larabci take da wani rubutu mai kama da tafiyar kaza, don haka ya bi ta hanyar da ya iya: ya cusa wannan waya a wannan rami, in ba ta yi ba ya cusa a wancan. Wuta ta ja shi har ya ambaci sunan kakarsa. Wayar ba ta kai ƙurya ba, ya je wajen mai gyaran rediyo aka yi mata ƙari, aka naɗe da baƙin salatif. Ya murɗa tasha bayan tasha, yayyafi dai, yayyafi dai, har ranar da yayyafin ya washe, ga kujera ta fito tsaf da ƙafarta guda da aka ɗaure da waya.

Aka kira Alhaji Babba. Ya leƙa ƙurya, Haladu ya juyo da kyamara ta bayansa. Alhaji ya daɗe yana kallon wata ƙeya mai ninki uku da sanƙo yana leƙowa ta ƙasan hula.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Alhaji."

"Haka nake yawo a gari, ba wanda ya faɗa mini?" Ya ja hularsa baya, ya ce a gama da kayan a mayar masa cikin kwali.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da shanu da masu shanu. Tun da hantsi mutane suka fara taruwa a ƙofar shago, Haladu ya ce yau ba aiki sai an sauko daga masallaci. Ya ta da janareta a bayan shago, ya shige ƙurya ya saki labule, ƙwallon roba a hannunsa. Indo ta iso da yayarta.

"Ina mutumin Wudil?" in ji Hansai daga cikin mayafi.

"Ya tafi kara, wai zai ɗauki wani bijimi. Ni zan sake gwadawa."

"Wannan ƙarar fa?"

"Injin markaɗen maƙwabta ne. Zauna mana, Yaya."

"Da akwati ɗaya ne, yau na ga biyu."

"Ɗayan na maza ne. Ke dai zauna."

Indo in ta tashi yin ƙarya ko ƙifta ido ba ta yi. Hansai ta zauna. A ƙurya Haladu ya ga tsakar kan da ya saba gani, wannan karon da kala, ya cika gilashi. Sai kan ya motsa. Ta saurara, ta duba ƙofa, ta duba gefe, ta sassauta mayafi. Ta ɗago gaba ɗaya, ta kalli kyamarorin nan biyu kai tsaye, da 'yar harara, irin ta wadda ba ta yarda da su ba.

Ga fuskar Hansai, ta fi girman faranti, tana kallon Haladu ido cikin ido. Ashe idonta ba baƙi ba ne sosai, ruwan ƙasa ne. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe wannan hancin da yake ta tsokanar 'ya'yansa da shi nata ne. Mutumin da ke faɗa wa hakimai su gyara zama ya tsaya baki buɗe, ya manta abin da ke hannunsa. Indo ta yi tari. Ta sake yin tari. Ta shiga tari kamar mai shirin mutuwa, har Hansai ta ce mata ta sha ruwa mana. Sannan ya tuna, ya matsa ƙwallon, kuma a karo na farko tun da ya fara sana'a bakinsa bai ce "ƙyas" ba. Wannan hoton shi aka manna a fasfo, shi ya je Makka ya dawo.

Da Haladu mai hankali ne da ya zauna a ƙurya har su tafi. Amma ɗoki ya ɗebe shi, yana so ya cire fim ɗin kafin Indo ta taɓa wani abu. Ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo ta titi yana kakkaɓe riga kamar wanda ya fito daga cikin shanu, ya rangaɗa sallama a ƙofar gaba. Abin da bai lissafa ba shi ne abin da Hansai ke yi duk lokacin da ta ji wannan sallamar. Ta miƙe ta nemi labule mafi kusa ta faɗa.

Sai da ya kai tsakiyar shago ya gane inda ta shiga. Talabijin na kunne. Kujerar da ta tashi daga kai tana ciki, ga farin labule, ga kuma shi kansa yanzu ya shigo gilashin da tumbinsa. Hansai ba ta yi boko ba amma ba a yi mata bayani sau biyu. Haladu ya dubi Indo. Indo ta ɗaga kafaɗa, ta bi yayarta ciki, ta bar shi tsaye yana jiran abin da zai biyo baya. Ya san za ta iya cewa a mayar masa da kujerarsa ta Makka, ba ta zuwa. A kan abin da bai kai wannan ba ta taɓa yin shekara ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Janareta na ta ƙara a bayan shago. Can ya ji muryarta ƙasa ƙasa ta bayan labule.

"Indo, a nan ya zauna?"

"A nan."

"Ya gan ni?"

"Tar."

Gumi ya fara bin bayan Haladu.

"Wanda ke cikin akwatin nan, yana ganin na waje?"

"Ba ya gani, Yaya. Ke kaɗai ke ganinsa."

"Kin tabbata, ko irin ta injin markaɗe ce?"

"Wannan kam wallahi gaskiya ce."

Ya ji an ja benci, ya ji an zauna. Bai san inda zai sa hannunsa ba. Ya kai shi aljihu, ya fitar, ya taɓa tabarau.

"Indo," in ji Hansai, "ashe ya yi furfura."

"Tun yaushe."

"Ba wanda ya faɗa mini." Ya ji ta matso da bencin. "Ce masa ya zauna a kujerar. Ya tsaya can gefe, rabinsa nake gani."

Indo ta leƙo. "Ka ji."

Haladu ya zauna a kujerar da ya zaunar da rabin ƙasar Wudil, shi bai taɓa zama a kanta ba. Ashe tana girgiɗi. Ya haɗa gwiwa, ya ɗora hannu a kai, kuma ba tare da ya yi niyya ba kansa ya sunkuya ƙasa, don ko ta cikin waya ne, uwarsa ce ke kallonsa, kunya ta rufe shi.

"Ce masa ya cire wannan gilashin na goshi. Ce masa kuma ya ɗago, ni ba tsakar kansa na ce zan gani ba."

Ya cire tabarau. Ya ɗago a hankali ya kalli idon kyamarar Alhaji, baƙin gilashi da ba komai a cikinsa sai ɗan hasken ƙofa. Idonsa ya cika, ya rasa yadda zai yi da shi, don in ya share za ta gani, in ya bari ma za ta gani. Ya bari.

A ƙofar shago wani dillalin shanu ya gaji da jira, ya turo kai, ya ga mai hoto zaune ƙiƙam a kujera, ba kowa a bayan kyamara.

"Malam Haladu, lafiya? Wa ke ɗaukarka?"

Haladu bai juya ba, bai ko motsa kai ba. Ta gefen baki ya amsa.

"Ka dawo gobe. Iya ba ta gama ba."